Baba Yana Son Burkina

Maamobi, Accra

Zuwa ga Gwaggo Saratu a Katsina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jikoki da gwiwar nan taki mai ƙorafi. Mu nan lafiya lau muke, in ban da mutum ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki biro. Na so in kira ki a waya, sai na tuna kiran da na yi miki da Sallah, ina cewa "barka da Sallah" kina cewa "wa ya rasu?" har maƙwabta suka leƙo. Don haka na ba Bashiru direba takardar nan a tashar Tudu, tunda motarsa tana bi ta wajenku.

Ƙanenki, babana Abass, yana asibiti. Kada gabanki ya faɗi, zazzaɓin taifot ne, kuma ya sauka. Abin da ya bar masa shi ne rama. Gwaggo, mutumin nan mai cinye tuwonsa ya leƙa kwanon yara, yanzu agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Na kai wake da shinkafa, na kai tuwon zafi da miyar ayoyo, na kai koko da ƙosai. Sai ya shinshina ya juya wa bango fuska.

Akwai wata ma'aikaciya, Hamdia, Badagomba ce mai fara'a, ita ke kula da abin da marasa lafiya ke ci. Ta ce cikinsa ba zai ɗauki abinci mai yawa ba tukuna, sai ya riƙa shan wata madara mai kauri ta kwalba, wadda aka haɗa don waɗanda suka rame. Iri-iri ce, kuma ba ta tilasta wa kowa. Takan zo da faranti da 'yan kofuna, kowa ya ɗanɗana ya faɗi wadda bakinsa ya karɓa. Ranar ɗanɗano ɗakin maza ya koma kasuwar unguwar Nima. Imurana mahauci, wanda gadonsa ke kusa da na Baba, ya zaɓi mai cakulan, ya lashe kofinsa ya fara harar na maƙwabci. Wani tsoho masunci ɗan ƙabilar Ga ya ce duk suna da kyau in za a sa musu barkono.

Da aka zo kan Baba sai ya gyara zama kamar alƙali. Ya kurɓi mai banila ya ce, "Wannan turaren amarya ne." Ya kurɓi ja, mai istirobari, ya ce, "Maganin tarin yara." Mai ayaba, ya ce ayabar ba ta taɓa ganin gona ba. Mai cakulan ko taɓa ta bai yi ba. "Zaƙi paa, ya yi yawa," in ji shi. "Ni ba yaro ba ne, ba na so koraa, ko kaɗan." Hamdia ya yi haƙuri da shi sosai, har da dariya.

Likita dai bai yi dariya ba. Ya ce in sikeli bai fara hawa ba, za a sa masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa. Kin san Baba shi ne ladanin masallacinmu. Ya dafe wuya ya ce ranar da robar nan ta bi ta maƙogwaronsa, muryarsa ta tafi ke nan. An yi masa bayani cewa ba haka ba ne, bai yarda ba. Ni kam tsoro nake ji, Gwaggo, don na san halinsa. In aka sa masa, zai daina haɗa ido da mutane.

Abu ɗaya kawai yake ambata, burkina. Da safe burkina, da yamma burkina. Ya ce abin da ransa ke so ke nan, in ba haka ba a ƙyale shi. Likita ya ce tukuna, jikinsa ba zai ɗauka ba yanzu. Ki sa mu a addu'a, kuma ki rubuto masa faɗa, don ke kaɗai yake tsoro.

'Yarki,
Rahinatu

*

Katsina

'Yata Rahinatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, gwiwa tana nan tana aikinta. Jikoki suna gaishe ki. Allah ya ba Abass lafiya, ya sa kaffara ce.

Kafin komai, Hamdiyar nan mace ce ko namiji? A farkon takarda kin ce "ta ce", a ƙarshe kin ce "ya yi haƙuri". Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, ga 'yar ƙanena tana sa wa mace gemu. Ku mutanen Zango, Allah ya shirye ku. Sannan sunan ƙasa da babban baƙi ake fara shi, Burkina, ba yadda kika rubuta ba.

Na yi miki wannan tsiyar ne kafin in shiga maganar da ta fi nauyi. Rahinatu, ke yarinya ce, ba ki gane abin da ubanki yake faɗa ba. Innarmu Damata, kakarki, 'yar Wagadugu ce, babban birnin Burkina. Shekarar da aka kawo ni Katsina ta je ganin danginta, ciwo ya kama ta a can, a can kuma aka binne ta. Ni ina amarya, Abass yana saurayi a Nima, a cikinmu ba wanda ya ga kabarinta. Duk haɗuwarmu sai ya ce, "Yaya, wata rana zan kai ki mu gaida Inna." Ni kuma in ce to. Da "wata rana" da "to" muka yi furfura.

Yanzu yana kwance, ya ƙi abinci, yana kiran ƙasar uwarsa safe da yamma. Ya ji wani abu a jikinsa ne, yana so ya cika alkawari kafin lokaci ya ƙure. Na karanta layin nan na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Likita ya yi gaskiya, jikinsa ba zai ɗauki hanya ba. Kada ki yi masa gardama, kada kuma ki ce masa na gane, kin san ba ya son a tausaya masa. Faɗan da kika ce in rubuto, yau ba ni da shi. Na san abin da zan yi.

Ki gaida Hamdia, ko wace ce, ko wane ne.

Gwaggonki,
Saratu

*

Maamobi, Accra

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin in fara, don a cikin trotro, motar hayarmu ta nan, na karanta takardarki, na yi dariya har yaron mota ya tambaye ni ko lafiya. Da na kai ƙarshe kuma sai ga ni ina share ido da bakin mayafi. Baba da sauƙi, har ya samu ƙarfin yin faɗa da mai shara.

Gwaggo, ba ƙasa ba ce, abin sha ne! Bayan kin bar Accra da daɗewa aka fara sayar da shi. Gero ake mulmulawa ƙanana a turara, a zuba cikin kindirmo mai sanyi, a ɗura a gora. Mutanen can suka kawo shi, shi ya sa kowa ke ce masa burkina. A kowace kwana ta Nima akwai mai shi. Baba in ya gama sallar azahar sai ya sha gora ɗaya a tsaye kafin ya shigo gida. Likita ya hana ne don na bakin titi ne, ba a san inda nonon ya kwana ba, ga cikin nasa bai gama warkewa ba. Saboda haka ƙaramin baƙin nan nawa daidai yake, Malama. Maganar Hamdia kuwa na karɓi laifi, mace ce, har da goyo.

Ban karanta wa Baba takardarki ba. Na ji tsoron maganar kabari ta ƙara kwantar da shi.

Ga labari mai ɗan daɗi. Hamdia ta ja kujera ta zauna gabansa, ta ce ya gaya mata abin da yake so a cikin burkinar: sanyin, ko tsamin, ko geron da ake taunawa? Ya ce, "Duka. Abin sha da ba a taunawa ai ruwa ne." Ta ce ba shi kaɗai ba ne, ciwo da magani suna canza wa mutum baki, zaƙi ya riƙa gundurarsa, tsofaffi sun fi yin haka. Ta nemo wata madarar da ba a sa mata ƙamshin komai ba. Ta ce in turaro gero a gida da tsabta in zo da 'yar citta, ita kuma ta haɗa da kindirmon kanti wanda likita ya yarda da shi, ta sa a firji. Haka muka yi. Baba ya kurɓa, ya tauna, ya daɗe yana kallon sama. Can ya ce, "Ƙanwar burkina ce. Uba ɗaya, uwa daban." Imurana ya saki cakulan ɗinsa ya dawo layinmu. Masunci kuwa ya zaro barkonon da ya ɓoye a ƙarƙashin matashi ya barbaɗa wa nasa, Hamdia ta yi kamar ba ta gani ba.

Sai dai rabin kofi yake sha ya ture. Masu zuwa dubiya sun gaya masa an samu mai kiran salla a madadinsa, wai muryarsa da daɗi. Tun daga ranar yake cewa wa zai yi wa ƙiba. Sikeli ya tsaya cak, likita kuma ya sake ambatar roba. Yanzu na gane abin ba a baki kaɗai yake ba, zuciyarsa ce ta kwanta. Ki kwantar da hankalinki, ba inda zai tafi. Ki dai rubuto faɗan nan.

'Yarki,
Rahinatu

*

Wagadugu

'Yata Rahinatu,

Assalamu alaikum daga Wagadugu. E, daidai kika karanta. Ina lafiya, gwiwa ta kumbura kamar kabewa amma ta iso tare da ni. Ban jira amsarki ba, in kin aika wata takarda Katsina tana can tana jirana. 'Ya'yana sun yi ta magiya kada in taso, na nuna musu ban ji ba, suka gaji suka sa ni a mota. Na bi ta Maraɗi da Yamai. Na sauka gidan Amama, 'yar ƙanwar Innarmu. Ita Hausarta ta gudu, ni kunnena ya gudu, don haka kada ki wahalar da mu da waya. Mijin 'yarta yana kai tumatir Accra, shi zai kawo miki wannan.

Na zo ne da niyyar in cika wa Abass alkawarinsa ya huta. Amama ta kai ni har bakin maƙabarta, sai na tsaya. Mu mata iyakarmu ke nan, haka aka tashe ni, ba kuma da tsufana zan canza ba. Ta nuna mini wata bishiyar darbejiya ta kan katanga, ta ce Inna tana gindinta. Na yi addu'a daga waje. Amma wanda zai shiga ya tsaya a kanta, ɗanta ne. Ashe wannan aikin ba a aike.

Saboda haka ga faɗan da kika nema, ki karanta masa da ƙarfi.

Abass, na iso, kai nake jira. Ba zan koma Katsina ba sai ka zo da ƙafarka. In turaren amarya aka ba ka, ka sha. In maganin tarin yara ne, ka sha, ai ka sha shi a hannuna kana yaro, ina toshe maka hanci. Tabarmar Amama tana ci mini baya, miyarsu ba yaji, duk kwanan da na ƙara a nan a wuyanka yake.

Wani abu kuma, Rahinatu. Jiya Amama ta ba ni wani abin sha, dege suke ce masa, mulmulallen gero a cikin kindirmo. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye ludayi. Shi ne abin da Inna take dama mana a Nima in mun dawo daga makaranta. A lokacin ba a sayar da shi a ko'ina, ita kaɗai ta iya. Abass yakan shanye nasa ya tsaya yana kallon nawa har sai na rage masa. Ni na manta da shi sam, bakina ne bai manta ba. Ki bincika ko akwai mai yin irinsa a Accra. Na san da wuya a samu, amma in an dace, ina jin zai sha.

Gwaggonki,
Saratu

*

Maamobi, Accra

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Mai tumatir ya kawo saƙo, kuma sai da na nemi benci na zauna. Allah ya huci gajiya, Allah ya sauƙaƙa gwiwa. Ki gaida Inna Amama, ki ce mun gode da ɗawainiya.

Takardata ta saɓa da ke a hanya, don haka bari in faɗa miki a taƙaice. Degen naki, Gwaggo, shi ne burkinar da Baba yake kira. Haka muke ce masa a nan. Na bincika kamar yadda kika ce, na same shi a ƙofar gidanmu, a cikin kular maƙwabciya. Kin ƙetare ƙasa da ƙasa saboda gorar kindirmo.

Wannan karon na karanta masa duka, da lokacin dubiyar yamma. Imurana ya miƙo kunne, Hamdia tana tsaye da farantinta. Ina kaiwa ga sunan garin Baba ya tashi zaune ba wanda ya taimaka masa.

"Yaya ya tafi ina? Wagadugu? Da wannan ƙafa?"

Na yi masa bayanin yadda kika fahimci maganar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ɗaki duk ya ɗauka, masunci da ba ya jin Hausa ma yana dukan gado. Da na zo wajen toshe hanci ya ce ƙarya kike masa, shi da kansa yake sha. Amma da na kai ga darbejiya sai dariyar ta tsaya. Wajen dege kuma ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya daɗe yana murza zanen gado, sannan ya ce, "Kullum ina sha a tsaye a bakin masallaci. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba."

Imurana ya ce, "Alhaji, sai a aika wa tsohuwa ya koma gida, tunda kuskure ne."

Baba ya harare shi ya ce, "Wa ya ce maka kuskure ne? Ni na faɗi rabi, Yaya ya karanta duka."

Sai ya miƙa wa Hamdia hannu. Ya shanye haɗin geron har ƙasan kofi, ya kwashe tsakin da cokali. Sannan ya ce, "Akwai ja ɗin nan?" Ta miƙa masa mai istirobari. Ya toshe hancinsa da kansa, ya ɗaga kai, ya ajiye kwalbar wayam. Ya yamutsa fuska ya ce, "Har yanzu maganin tari ne. Gobe ki ƙaro." Gwaggo, na fita baranda na yi kuka don daɗi.

Yanzu yana shan na geron safe da yamma, ya bi da na kwalba a tsakani, yana sha yana zaginta. Ya fara taɓa tuwo. Sikeli ya motsa, likita ya daina ambatar roba. Shekaranjiya ma'aikata suka rugo da gudu don sun ji ihu daga banɗaki, ashe Baba ne yake gwada murya. Hamdia ta sa haɗin geron a cikin farantin ɗanɗano, tsofaffin ɗakin mata ma shi suke nema, samari dai suna nan kan cakulan.

Ya ce kada in gaya miki gaskiyar burkina, wai za ki ji kunya ki koma Katsina. Na ce masa bai san yayarsa ba.

'Yarki,
Rahinatu

*

Wagadugu

'Yata Rahinatu,

Na samu, alhamdu lillahi. Lafiyata ƙalau, na saba da tabarma, na kuma koya wa Amama sa yaji.

Kunyar me? Abin sha ne ko ƙasa ce, duk na uwarmu ne. Na karanta wa Amama da hannu da ido, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Maganar baƙi kuwa, na yarda ki rubuta abin sha da ƙarami, amma kada ki saba cin gardama a kaina.

Na ga ubanki ma ya sa mini gemu, wai "Yaya ya karanta". Ki ce masa na yafe wannan karon, don maganar ta yi mini daɗi. Kada ya yi gaggawa, sai likita ya sallame shi da bakinsa. Ina nan. Nakan je bakin katangar nan in gaya wa Inna cewa ɗan nata yana tafe, yana can yana faɗa da kwalba.

Gwaggonki,
Saratu

*

Maamobi, Accra

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fata kuna lafiya.

Wannan karon ban ba Bashiru ba, ban kuma ba mai tumatir ba. Na samu sabon ɗan aike. Tsoho ne, yana da gardama, amma agogonsa ya tsaya a wuyan hannu. Likita ya sallame shi, ya duba shi ya sake dubawa, sannan ya yarda da tafiyar. Shi ya kira asubar yau a masallacinmu, maƙwabta suka yi ta leƙowa suna yi mini barka. Maƙwabcinmu mai zuwa sarin albasa zai zauna kusa da shi a mota har ƙofar gidan Inna Amama.

A cikin jakarsa akwai kwalabe, Hamdia ta ce ya ci gaba da sha tsakanin abinci. Ta ce ya zaɓa da kansa, ya zaɓi ja, wai ya saba faɗa da ita. In ya ce miki ya sha, ki girgiza kwalbar ki ji. Dege kuwa an yarda masa in na gida ne, sai dai ki kula da naki kwanon, don halin nan bai bar shi ba.

In ya shiga wajen darbejiya, ku ce wa Kaka jikarta Rahinatu tana gaisuwa, ita ce ta rubuta ƙaramin baƙin da ya kawo mata ku.

Yanzu ki ɗaga kai, Gwaggo. Yana tsaye gabanki tun ɗazu, na kuma san ba ki ce masa ya zauna ba, kina nan kina duba inda na sa wa mace gemu.

'Yarki,
Rahinatu